ZOBEN DAIMON NA BAIKO: DUTSEN DA MAZAUNINSA

A ƙasashen Turawa, musamman Ingila da Amurka, in saurayi ya yi niyyar aure ba ya farawa da aika goro da kuɗin gaisuwa gidan iyayen yarinya. Zobe ya kan saya mai ƙwayar daimon a bisa, ya miƙa mata. In ta karɓa ta sa a yatsan da ke maƙwabtaka da ƙaramin yatsa na hannun hagu, to, an yi baiko ke nan, duk wanda ya gani ya san an yi mata miji. Da ya ke yanzu 'ya'yanmu da yawa suna zaune a waɗannan ƙasashe, waɗansu kuma sun zo da al'adar har gida, mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda a ke zaɓen wannan zobe. Kuɗin da a ke kashewa a kansa ba kaɗan ba ne, wanda kuwa ya shiga kantin masu sayar da shi ido rufe, da wuya ya fito bai yi da na sani ba.

Daimon ɗin da mu ke nufi shi ne dutsen nan da a ke haƙowa daga ƙasa, wanda mutanenmu su kan kira lu'u-lu'u, ko da ya ke ainihin lu'u-lu'u daga cikin teku a ke samo shi.

ASALIN AL'ADAR

Masu tarihi sun ce zoben daimon na baiko na fari da aka rubuta labarinsa shi ne wanda Maximilian, ɗan sarautar Ostiriya, ya ba Maryamu ta Burgundy a 1477. A zamanin nan daga Indiya dutsen ya ke zuwa, sai sarakuna da manyan attajirai ke iya mallakarsa. Bai fara yawa ba sai bayan da aka gano shi a Afirka ta Kudu a 1867, har Cecil Rhodes ya haɗa ramukan Kimberley ya kafa kamfanin De Beers a 1888.

Amma abin da ya mai da zoben tamkar wajibi talla ce. A 1938, sa'ad da kasuwa ta faɗi saboda matsin tattalin arziki, De Beers ya ɗauki wani kamfanin talla na birnin Philadelphia mai suna N. W. Ayer, aka shiga cusa wa samarin Amurka cewa girman dutse shi ne ma'aunin ƙauna. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, ta tsara musu kirarin nan da ya game duniya, mai cewa daimon ba ya ƙarewa har abada. Daga baya, a shekarun 1980, tallarsu ta yanke wa saurayi farashi, wai albashin wata 2 ya kamata ya kashe. Mai karatu ya lura, mai kaya ne ya yanka wannan ƙa'ida, ba shari'a ba ce, ba kuma gadon kakanni ba. Don haka kafin ka taka ƙofar kanti, ka yanke a ranka iyakar abin da za ka iya biya ba tare da cin bashi ba, ka riƙe shi da kyau.

MA'AUNI HUƊU

Akwai wata makarantar nazarin duwatsu a Amurka da a ke kira GIA, wadda aka kafa a 1931. Ita ce ta daidaita abubuwa huɗu da a ke auna daimon da su a ko'ina yau: nauyi, da launi, da tsabta, da yanka.

Nauyi da karat a ke auna shi. Karat 1 shi ne kashi ɗaya bisa biyar na giram, an kuma raba shi maki 100. Kada a rikita shi da karat na zinariya, wanda ya ke nuna tsabtar ƙarfe. Dutse mai zagaye mai karat 1 faɗinsa kimanin milimita 6.5 ne, mai karat 2 kuwa kimanin milimita 8, watau ninka nauyi ba ya ninka abin da ido ke gani, alhali kuwa kuɗin ya kan wuce ninki nesa. Ga kuma wata dabara da masu kanti ba su cika faɗa ba. Farashi tsalle ya ke yi a kan cikakken lissafi, kamar rabin karat ko karat guda, don kowa sunan ya ke so. Dutse mai maki 90 da mai maki 100 bambancin faɗinsu bai kai rabin milimita ba, amma a aljihu za ka ji bambancin ƙwarai.

Launi an jera shi da haruffa daga D zuwa Z. D shi ne garau kamar ruwan sama, daga nan sai ya riƙa ɗaukar rawaya-rawaya kaɗan kaɗan. Tsabta kuwa ana duba ta ne da madubi mai ƙara girma sau 10, a nemi ɗigo ko tsaga a cikin dutsen, matakanta 11. A waɗannan biyu ne mutane su ke zubar da kuɗi a banza. Da wuya idon da ba na gwani ba ya raba D da G in dutsen yana kan zobe, ɗigon da ba a gani sai da madubi kuwa, wa zai bi amarya da madubi yana leƙa yatsanta? In ka sami dutse mai launi tsakanin G da I, wanda ka duba da idonka a hasken rana ba ka ga tabo ba, ya wadatar.

Yanka shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. Daimon ba shi da hasken kansa, abin da ya shiga cikinsa shi ya ke mayarwa. In an yanka shi daidai, haske ya kan shiga ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa, ya komo ta sama zuwa idon mai kallo yana walƙiya da launuka. In ya yi zurfi da yawa, ko ya yi faɗi ba zurfi, sai hasken ya zurare ta gindi, dutsen ya zama kamar fasasshiyar kwalba. Wani saurayi ɗan gidan masu yankan daimon na birnin Antwerp, Marcel Tolkowsky, shi ya yi lissafin kusurwoyin nan ya buga a London a 1919, daga aikinsa kuma aka sami yankan zagaye na yau mai fuska 57, ko 58 in an daddale tsinin ƙasa. Abin da ke ɓata yanka sau da yawa kwaɗayi ne: mai yanka ya kan bar wa dutse kauri a ƙugu don ya cika karat guda, sai ka biya kuɗin nauyin da ke ɓoye ƙarƙashin ƙarfe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ƙaramin dutse mai kyan yanka ya fi babba maras rai ɗaukar ido. Tun 2006 takardar GIA tana nuna darajar yankan dutse mai zagaye a mataki 5. Ka nemi na ƙoli ko mai bi masa, sa'an nan ka rage a launi da tsabta.

Kada ka yarda da fitilun kanti, an shirya su ne don kome ya yi ƙyalli. Ka roƙi a kai dutsen bakin taga.

MAZAUNI

To, ga inda yawancin samari su ke sakaci. Su kan ƙare ƙarfinsu a kan dutse, in aka zo maganar abin da zai riƙe shi sai su ce a sa kowane. Alhali kuwa dutsen da ya fi kowane kyau, in ya faɗi a kasuwa ya tafi ke nan.

Daimon ya fi kowane dutse na halitta tauri, ba abin da ke karce shi sai ɗan'uwansa. Amma tauri dabam, jure bugu dabam. Yana da jijiya kamar itace, in ya bugu a kan jijiyar sai ya ɓalle, musamman a ƙugu da kusurwa. Aikin mazauni ke nan, ya riƙe, ya kuma kare.

Wanda ya fi shahara shi ne mai ƙumba, watau 'yan ƙafafun ƙarfe da su ke ɗaga dutsen sama su kama shi kamar yadda shaho ya ke kama ɗan tsako. Kamfanin Tiffany na New York ne ya fito da mai ƙumba 6 a 1886, a lokacin da aka saba nutsar da dutse cikin ƙarfe. Amfaninsa shi ne dutsen ya fito sarari, kowa ya gan shi ta ko'ina. Mai ƙumba 4 ya fi nuna dutse, amma in ɗaya ta karye dutsen yana cikin haɗari nan take. Mai 6 kuwa ko ɗaya ta tafi saura za su riƙe har a kai wa maƙeri. Aibin mai ƙumba shi ne kama zare. Ya kan sarƙe a mayafi da leshi da gashi, kowace sarƙewa kuma tana ɗan buɗe ƙumbar ba a sani ba.

Na biyu shi ne mai baki, wanda a ke zagaye ƙugun dutsen duka da siririn ƙarfe a danne. Shi ne tsohon yayi, shi ne kuma mafi aminci. Ba ya kama tufafi, ba ya yagar safar hannu, ya kan kuma rufe gefen da ya fi saurin ɓallewa. Ga malamar asibiti, ko mai ɗinki, ko duk macen da hannunta ba ya hutawa, mu a ganinmu babu kamarsa, ko da ya ke masu son ƙyalli su kan ce yana rufe dutse.

Akwai kuma mai rakiya, inda a ke kewaye babban dutse da ƙanana don ya ƙara girma a ido. Irinsa ne zoben da Yarima Charles, wanda ya ke Sarkin Ingila yanzu, ya ba Diana a 1981, shuɗin yakutu a tsakiya da ƙwayoyin daimon 14 kewaye da shi. Yana da kyau, yana kuma taimakon mai ƙaramin ƙarfi, sai dai kowace ƙwaya da 'yan ƙumbunanta, yawan ƙwayoyi kuwa yawan abin da zai iya zubewa ne. Wanda aka jera wa ƙananan duwatsu har ya zagaye yatsa duka, a sani ba ya ƙaruwa ba ya raguwa da sauƙi, yatsan mace kuwa ya kan canja da ciki da shekaru.

Siffar dutse ita ma tana da magana a nan. Mai kusurwa huɗu, da mai siffar ɗigon hawaye, tsininsu ne wurin rauni, lalle a sa musu ƙumba mai lanƙwasa wadda za ta rungume tsinin. Mai dogayen fuskoki kamar matakala kuma ba ya ɓoye tabo ko kaɗan, shi kam sai an ƙara kuɗi a tsabta.

Game da ƙarfe, matanmu sun saba da zinariya mai karat 21 da 22, amma wannan ta yi laushi ga ƙumba. Mai karat 18, wadda kashi 75 cikin 100 nata zinariya ne, ko mai 14, su a ke amfani da su. A Ingila doka ta sa a buga hatimi a cikin zoben, 750 ga mai 18, 585 ga mai 14, 950 ga mafi yawan filatinam. Filatinam fari ne tun asali, ya fi nauyi, ƙumbarsa kuma ta fi daɗewa ba ta cinye ba. Farar zinariya shafe a ke yi mata da wani ƙarfe mai suna rodiyam, in ya goge sai an sake. Jar zinariya kuwa tana da wata fa'ida: tana ɓoye rawayar dutse, har mai harafin J ko K ya kan yi fari a kanta. Wanda ya sayi D ya ɗora a jar zinariya ya biya kuɗin farin da ƙarfen zai rina.

Ba kuma dole ba ne dutsen ya zama sabo. Zoben da Yarima Philip ya ba Gimbiya Elizabeth a 1947, kafin ta hau gadon sarauta, daga kambin mahaifiyarsa aka ciro duwatsunsa, aka yi musu sabon mazauni na filatinam.

NA RAMI DA NA MASANA'ANTA

Tun 1954 masana a kamfanin General Electric su ka yi nasarar ƙera daimon, yau kuwa ana yin manya masu kyau a masana'antu. Wannan ba jabu ba ne, sinadarinsa ɗaya da na rami, taurinsa ɗaya, ba mai raba su sai da na'ura. Farashinsa ya yi ta faɗuwa shekara da shekaru. De Beers da kansa ya buɗe reshen sayar da shi a 2018 a kan dala 800 kowane karat, a 2025 kuma ya ba da sanarwar rufe reshen bayan farashi ya zube. Laifi ɗaya ne, a sayar maka da shi da sunan na rami. Saboda haka kowane iri za ka saya, ka karɓi takardar shaida daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, ka sa a nuna maka lambar da aka zana a ƙugun dutsen, ka ga ta yi daidai da ta takarda.

Mai sayen na rami kuma yana da haƙƙin tambayar inda ya fito. Mu mutanen Afirka ta Yamma ba mu manta yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002 ba, wanda kuɗin daimon ya yi ta hura wutarsa. Shi da irinsa su ka sa aka kafa yarjejeniyar Kimberley a 2003, ko da ya ke ɗanyen dutse kaɗai ta ke bi, ba ta kuma duba halin da masu haƙa su ke ciki.

Abu guda da ya ke wajibi mu faɗa wa mutanenmu musamman. Mun saba zinariyar lefe ajiya ce, ranar buƙata a kai kasuwa a ɗora a sikeli a karɓi kuɗi gwargwadon farashin ranar. Daimon ba haka ya ke ba. Ba shi da farashi guda na giram, ribar mai kanti kuma tana da yawa, wanda ya koma sayarwa ya kan karɓi abin da ya gaza kuɗinsa da nisa, na masana'anta ma ya fi muni a wannan fanni.

In zobe ya shiga hannu, sauran aiki kaɗan ne. Daimon yana son maiƙo, har a wuraren haƙa da teburin da aka shafa wa maiƙo a kan tsince shi daga tsakuwa, don haka man shafawa da man girki su ke dushe shi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi mai laushi sun isa wanke shi. A cire shi in za a yi daka ko wanki. Sau ɗaya a shekara a kai wa maƙerin zinariya ya duba ƙumbunan, a tsakani kuma mai shi ta riƙa kai shi kusa da kunne tana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa. In ta ji dutsen yana motsi, ta cire ta ajiye, kada ta sake sawa sai an matse shi.