Waƙar Andalibu a Daren Bazarar Turai



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne wani ɗan tsuntsu wanda mawaƙan Turai da na Farisa suka daɗe suna ambato. Larabawa suna ce da shi andalibu, Farisawa su ce bulbul, mutanen Ingila kuwa su ce naitingel, watau mai waƙar dare. A ido dai ba shi da wani kwarjini. Launin ƙasa gare shi, wutsiyarsa ja-ja, nauyinsa bai wuce giram 20 da 'yan kai ba, kuma cikin sarƙaƙiya ya ke ɓuya. Masu jin muryarsa sun fi masu ganinsa yawa nesa ba kusa ba.

Kafin in ci gaba, ya kamata in warware maganar bazara. Idan Bahaushe ya ji an ce bazara, abin da zai faɗo masa a rai shi ne zafi da gumi da jiran hadari. Ta Turai ba haka ta ke ba. Lokaci ne da sanyi ya janye, itatuwa suka soma toho, rana kuwa ba ta faɗuwa a Ingila cikin watan Mayu sai wajen ƙarfe tara. A tsakiyar Afrilu andalibu ke isa can, ya yi ta waƙa har farkon Yuni, sa'an nan ya yi shiru.

Wanda ya ke son ya ji shi, sai ya fita bakin kurmi da almuru ya jira sauran tsuntsaye su kwanta. Andalibu yana waƙa da rana ma, amma hayaniyar 'yan'uwansa ta kan rufe shi. Da dare fili nasa ne. Zai rera ɗan baiti na 'yan daƙiƙoƙi, ya tsaya, ya kawo wani dabam, kuma masana sun ƙirga wa namiji guda salo wajen 200. A ciki akwai wani fito mai tsawo da ya kan fara a hankali yana ƙaruwa, wanda kunnen ɗan'adam ke ji kamar kuka.

To, wannan fiton shi ya ja hankalin mawaƙa. Girkawan dā sun ce wata mace ce aka zalunta, ta rikiɗa ta zama tsuntsuwa, don haka mawaƙan Turai da yawa suka ɗauka macen ce ke waƙa. Mawaƙan Farisa irin su Hafizu sun mai da shi masoyin da ke begen furen wardi. John Keats ya tsara masa shahararriyar waƙarsa a 1819, 'yan watanni bayan tarin fuka ya kashe ƙanensa, kuma cutar ta kashe shi kansa a 1821 yana da shekara 25. Ba mamaki ya ji mutuwa a cikin muryar.

Amma fa namijin ne ke waƙa, kuma ba baƙin ciki ya ke yi ba, mata ya ke nema. Bincike a yankin Alsas na Faransa ya nuna cewa maza marasa mata su ne ke raba dare suna rerawa, matan kuwa da dare su ke zagayawa suna sauraro. Da namiji ya dace, yawanci sai ya bar waƙar dare. Watau wanda aka ji yana ta fama a ƙarshen Mayu, mai yiwuwa ne tuzuru ne da kasuwarsa ba ta ci ba. A ganina Farisawa sun fi Girkawa kusa da gaskiya.

A 1924 gidan rediyon BBC ya soma watsa muryar andalibu kai tsaye daga lambun wata mai goge, Beatrice Harrison, a gundumar Surrey, abin ya zama al'ada kowace shekara. A watan Mayu na 1942, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sai rugugin jiragen yaƙin Ingila masu tafiya Jamus ya shiga na'urar. Aka fasa watsawa don kada abokan gaba su farga, amma faifan yana nan, tsuntsun na waƙarsa jirage na wucewa.

Yau jin wannan murya a Ingila ya yi wuya, domin yawan andalibu ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tun daga ƙarshen shekarun 1960. Cikin dalilan akwai share sarƙaƙiya da kuma yawaitar barewa masu cinye ƙananan tsire-tsiren da ya ke sheƙa a cikinsu. Masana suna kuma duban abin da ke faruwa a wannan ɓangare namu, gama tsuntsun baƙonmu ne. Idan kaka ta yi ya kan ƙetare Sahara ya sauka Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, ya yi hunturu a cikin sarƙaƙiyar bakin rafi da ta gefen kurmi. A nan ba ya sheƙa.