In Mota Ta Buge Karenka a Baya

A Sabon Gari da Fagge motoci sun yi yawa. Wanda ya taɓa bin titin France Road da hantsi ya sani. Karen gadi yakan kwance ya fita titi, mota ko Adaidaita Sahu ta buge shi. Haka karen farauta a ƙauye, in ya faɗa rami.

A cikin ƙashin baya akwai laka. Ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. In ƙashin ya karye yakan danne ta. Sai ka ga kare yana jan ƙafafun baya a ƙasa, ko fitsari na zuba bai sani ba.

To, kada ka ɗaga shi ta ƙafa, kada ka rungume shi. Ƙashin da ya karye in ya motsa zai iya yanke laka, ita kuwa in ta yanke ba ta haɗuwa. Kada kuma a kai shi wurin maɗori. Maɗori gwani ne a kan hannu da ƙafa, amma jan baya ɓarna ne.

Fara ɗaure masa baki da tsumma, don kare mai ciwo yakan ciji ubangidansa. Amma in yana amai, ko numfashi na yi masa wuya, bar bakin. Nemo katako mai faɗi ko tsohon ƙyaure. Ku biyu ku zame shi a kai sannu sannu, bayansa a miƙe. Ku ɗaure shi da zane, ku kai shi wurin likitan dabbobi ran nan. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Yana iya kashe shi.

Likita zai matse yatsan ƙafarsa da ƙarfi. In ya yi kuka ko ya waiwayo, akwai sauran fata. Janye ƙafa kaɗai ba shaida ba ce.

In an komo gida, a sa shi a ƙaramin wuri mai inuwa, mako 4 zuwa 6. A riƙa juya shi kamar bayan awa 4, don kada gefensa ya yi gyambo. A canza shimfiɗa in ta jiƙe, don ƙuda na yin ƙwai a wurin, tsutsa ta fito. In ya kwana ya wuni bai yi fitsari ba, a koma wurin likita.

In ya cije ka, wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ka tafi asibiti, saboda ciwon haukan kare.