In kujerar mataimakin shugaban ƙasa ta zama babu kowa, wa zai hau?

Ya kai ɗalibin yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayahi, ka san in mai gari ya rasu, ba a gadonsa da ƙarfin tuwo. Akwai hanya. Ƙasa ma haka take, hanyarta na rubuce cikin tsarin mulki.

Dubi maƙwabtanmu. Ran 5 ga Mayu 2010, shugaban Najeriya Umaru Musa Ƴar'aduwa, mutumin Katsina, ya rasu. Kashegari mataimakinsa Goodluck Jonathan ya yi rantsuwa, ya zama shugaba.

To, kujerar mataimakin fa? Ba a koma zaɓe ba. Shugaba ke fid da suna, amma ka lura, shi kaɗai bai isa ya naɗa ba, sai majalisar dattawa da ta wakilai duka sun yarda. Jonathan ya kawo sunan Namadi Sambo, gwamnan Kaduna. Majalisun biyu suka amince, aka rantsar da shi ran 19 ga Mayu.

Nan Nijar, tsarin mulkin 2010 bai ajiye mataimaki ba. Cewa ya yi, in shugaba ya rasu, shugaban majalisar dokoki ya yi riƙon ƙwarya, a sake zaɓe cikin kwana 90. An dakatar da wannan tsari a 2023.