DAGA AJI ZUWA BAKIN GADON MAJINYACI: Rayuwar Ɗalibar Famasi

A wannan fitowar mun ɗan jingine zancen kwalliya da girke-girke, za mu leƙa asibiti mu ga wata baiwar Allah da ba a cika kula da ita ba.

Duk sanda aka tambayi yarinya 'yar ajin kimiyya me take so ta zama, da wuya amsarta ta wuce likita ko nas. To amma fa akwai mai farar riga ta uku, wadda duk ƙwayar da za ta shiga bakin majinyaci sai ta bi ta hannunta, ita ce masaniyar harhaɗa magunguna, wadda ta karanta famasi a jami'a. Da yawa daga cikinmu muna haɗa ta da mai kemis ɗin bakin layi, alhali akwai tazara. Mai kemis izininsa ya tsaya ne a kan ƙananan magungunan da ba sai likita ya rubuta ba, ita kuwa shekara 5 take yi a jami'a, ko 6 idan digirin Pharm.D ne, kafin a damƙa mata wannan amana.

SHEKARUN AJI

Ana yin wannan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri da ta Jos da wasunsu. Shekarun farko kusan duk a aji da ɗakin gwaje-gwaje suke ƙarewa. Za ta karanci jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa, ta san yadda magani yake shiga jini, yadda hanta take sarrafa shi, da yadda ƙoda take fitar da shi. Za ta koyi haɗa maganin ruwa da man shafawa da hannunta, ta auna gari a kan ɗan sikelin da ko numfashi mai ƙarfi yana motsa shi. Har ma akwai darasi sukutum a kan itatuwa da saiwoyi, domin kuwa magunguna da yawa daga tsirrai aka samo su.

Ke dai bari, karatu ne na hana ido barci. Bikin ƙawaye da yawa zai wuce ta, sunan 'yan uwa ma sai dai ta aika da barka. Saboda haka ranar da aka ce an gama lakca za a fara fita asibiti, za ki ga ɗalibai ana murna ana ɗaukar hotuna, kowacce ta wanke farar rigarta ta sha guga. Ba su san cewa yanzu ne ma aka fara ba.

RANAR FARKO A ƊAKIN MAJINYATA

Hausawa suka ce gani ya kori ji. A shekarun ƙarshe ana rarraba ɗalibai rukuni-rukuni a asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika da ke Zariya, kowane rukuni ya yi 'yan makonni a sashe ɗaya sannan ya koma wani: ɗakin manya, ɗakin yara, ɓangaren mata da haihuwa, ɓangaren masu taɓin hankali, sai kuma tagar ba da magani.

Tun da sassafe za ta iso, ta ɗauki fayil ɗin majinyatan da aka ba ta, ta duba abin da likita ya rubuta, ta duba sakamakon gwajin jini, sannan ta bi ayarin babban likita ana zagayawa gado-gado. Ana cikin tafiya sai kawai malaminta ya juyo, gaban likitoci da nas-nas, ya ce, "Ke, me ya sa aka rage wa wannan dattijo maganinsa?" Nan take za ta ji duk abin da ta haddace ya gudu. Amsar kuwa tana cikin fayil ɗin da ke hannunta: ƙodarsa ta yi rauni, idan aka ba shi cikakken kaso maganin zai taru a jikinsa ya zame masa guba.

A aji, idan ta kuskure lissafi maki biyu za ta rasa. A ɗakin yara kuwa rai ne a kan layi, domin shi maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Ɗauki misalin farasitamol, wanda ake lissafa miligiram 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150 ke nan. To idan hannu ya zame aka ƙara sifili ɗaya ya zama 1,500 fa? Hantar ɗan mutane ce za ta ɗauki hukuncin. Shi ya sa ake horar da ita ta karanta takarda sau biyu, in ta ga abin da bai kwanta mata ba ta je wurin likitan cikin ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan sake duba wannan." Wallahi wannan kalma tana da nauyi a bakin ɗaliba, amma dai matambayi ba ya ɓata, kuma gara a harare ta da a ɗauki gawa.

Kada ku ɗauka tsoratarwa ce kawai. A shekarar 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai guba, dangin wanda ake sawa a man birkin mota. A 2008 irin wannan sinadarin ya sake ɓulla a maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, aka rasa yara fiye da 80. Duk ɗalibar da ta ji wannan tarihi, ta kuma tsaya kan gadon jariri, ba za ta ƙara kallon kwalbar magani kamar da ba.

CIWON 'YA MACE NA 'YA MACE NE

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne bakin taga. Karatun da Turanci aka yi shi, amma tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba Hausa take ji. Za ta miƙo takarda ta ce, "'Yar nan, yaya zan sha?" Nan ne ɗaliba za ta sauko da ilimin shekara da shekaru zuwa harshen tsakar gida: "Iya, ɗaya da safe bayan kin sha koko, ɗaya da dare bayan tuwo, ko kin ji sauƙi kada ki daina sai ya ƙare."

Kuma kowane magani da halinsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sau biyu ake shan sa a rana har kwana 3, yana kuma son a bi shi da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Shi kuwa kafso ɗin nan ja da yalo gaba yake da madara da nono, domin suna hana shi aiki, sannan ba a ba wa mai ciki ko ƙaramin yaro saboda yana ɓata haƙora. Mai shan maganin tarin fuka za a gaya mata fitsarinta zai koma ja-ja, kada ta firgita ta ce jifa ne, kuma sai ta cika aƙalla wata 6 tana sha. Akwai ma abin da ya fi wannan: ɗaya daga cikin magungunan tarin fukan yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. To fisabilillahi, matar auren da ta taso cikin kunya, wa za ta iya buɗe baki ta tambaya wannan in ba 'yar uwarta mace ba? Sau da yawa mace takan karɓi magani daga hannun namiji ta sunkuyar da kai ta tafi da tambayarta a ciki.

A nan ne kuma ɗaliba take ganin abin da mu 'yan mata muke yi wa kanmu. Za ta ga wadda ta sha ƙwayoyin "sha ka fashe" don ta yi ƙiba kafin biki, fuska ta kumbura, jini ya hau, sukari ya taso. Za ta ga wadda man bilicin ya cinye wa fata. A ɓangaren masu taɓin hankali za ta ga sa'anninta da maganin tari mai kodin ya mayar abin tausayi, masifar da ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Duk wadda ta ga wannan da idonta, nasiharta ga ƙannenta za ta fi ta kowa shiga.

TO INA BATUN AURE?

Na san tambayar da ke ranku ke nan. Gaskiya hanyar da tsawo. Bayan kammala jami'a za ta yi rantsuwar kama aiki a gaban hukumar PCN mai kula da wannan sana'a, ta yi shekara guda tana sanin makamar aiki ƙarƙashin wani babba, ta zauna jarrabawar hukumar, sannan ga bautar ƙasa. Daidai lokacin fita asibiti ne kuma surutu yake yawa a gida: sa'anninki duk sun yi ɗaki, wance 'ya'yanta biyu. Wani saurayin ma cewa zai yi, "Ki zaɓa, ko ni ko karatun."

Ƙanwata, aure sunna ne kuma ba ya hana karatu, akwai masu zuwa zagayen majinyata da cikinsu, wasu da goyo a gida. Sai dai a yi magana tun kafin a kai kuɗi, a gaban manya: zai bar ki ki ƙarasa? Ya yarda da fitar sassafe, da kwanan asibiti idan aiki ya kama? Wanda ya kasa haƙurin shekara ɗaya ko biyu da ta rage miki, anya zai iya haƙurin zaman shekara talatin? Ku ma iyayenmu, don Allah a riƙa tausaya wa yarinyar da ta yini a tsaye, a ƙarfafa mata guiwa, domin gobe ku ne farkon masu cin moriyarta.

Mace a wannan fanni ba ƙaramar aba ba ce. Marigayiya Dora Akunyili famasi ta karanta a Nsukka. Jabun allurar ciwon sukari ce ta kashe 'yar uwarta a 1988, da ta zama shugabar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 kuwa sai ta shiga yaƙi da masu jabun magani ba ji ba gani, har aka harbe ta a 2003 harsashi ya huda ɗankwalinta, Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba. Ita ma fa daga aji ta fara, kamar ke.

Saboda haka idan ranki ya biya, tun yanzu ki ɗaura ɗamara. Ana neman kiredit a Turanci da Lissafi da Kimistiri da Fizis da Bayoloji, a JAMB kuma Turanci da waɗannan darussan kimiyya uku za ki rubuta. Ki riƙe lissafi da kyau, ki koyi tambaya ba tare da jin kunya ba, ki kuma riƙe Hausarki, don wata rana da ita za ki ceci rai. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya haɗa kowacce da miji nagari mai son ci gabanta, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.