Abin da ya kamata ku sani game da bambancin tsawo tsakanin yanki da yanki

Duk wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Kurmi ta Kano na ɗan lokaci zai ga dogo, ya ga gajere, ya ga matsakaici. Ba abin mamaki ba ne, domin sunayen unguwannin birni ma kaɗai sun isa shaida. Ayagi ta Yarabawa ce tun asali, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa. Jinin Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Buzu ya daɗe da cakuɗuwa a cikin ganuwar Kano.

Gado na da babban rabo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masana sun ƙiyasta cewa a al'ummar da yara ke samun wadataccen abinci, kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutum da mutum daga iyaye yake. Akwai kuma ƙabilun da aka sani da tsawo, irin su Dinka na Sudan ta Kudu.

Amma idan aka kwatanta yanki da yanki a ƙasa ɗaya, sai labari ya sauya. Dubi Koriya. Jini ɗaya ne, harshe ɗaya, amma tun da aka raba ƙasar a 1945, 'yan Kudu suka zarce 'yan Arewa da santimita da dama. Matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kusan santimita 20 a cikin shekara 100. A ƙarni na 19 mutanen Holan ba su cikin dogayen Turai, yau kuwa matsakaicin tsawon samarinsu ya kai kimanin santimita 183. Jininsu bai canja ba a ɗan wannan lokaci. Abinci ne ya canja, da ruwan sha, da kiwon lafiya.

Mu dawo gida. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Kudu maso Gabas kashi 18 ne, a Arewa maso Yamma kuwa, inda Kano take, kashi 57. Yaron da ya tsumbure yakan girma bai kai tsawon da ya gada ba, ko da Dogo ake kiran kakansa.

Yawancin ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Uwa ba ta ƙoshi ba, ko ita kanta ba ta gama girma ba ta ɗauki ciki. An yaye yaro a kan koko tsura. Gudawa da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna ta cinye ɗan abin da ya samu.

Maganin ba ya nesa. Mai ciki ta riƙa zuwa awo. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6, sannan a haɗa masa kunu da gyaɗa ko waken suya, a ba shi ƙwai, kifi, wake da zogale gwargwadon hali. A kammala rigakafi, a tsabtace ruwa. Idan an je asibiti, ko Hasiya Bayero ne ko na unguwa, a nemi a auna tsawon yaro, kada a tsaya ga nauyi kawai.

Ƙashi yana daina tsawo wajen shekara 16 ga mata, maza kuma wajen 18 zuwa 20. Daga nan duk mai tallar maganin ƙara tsawo kuɗinka yake so. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka kuɗin ya fi amfani a kwanon jariri.