Takalmin ninƙaya a garin da babu teku: Abin da mai saye a Kano ya kamata ya sani

Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 a mota. Duk da wannan nisa, kayan wasan teku suna isowa Kano. Wasu kan faɗo cikin dilar gwanjo tare da takalman ƙwallo da jakunkunan makaranta, wasu kuma ana yin odarsu a shagunan intanet, ɗan saƙo ya kawo su har ƙofar gida a Tarauni. Daga cikinsu akwai takalmin ninƙaya, wato robar nan mai faɗi kamar ƙafar agwagwa da ake zura ƙafa a ciki domin a ƙara gudu a ruwa.

Masu sayensa iri biyu ne. Akwai matashin da karatu ko hidimar ƙasa ko kasuwanci ya kai Legas, ya ga yadda samari ke hawan igiyar ruwa a Tarkwa Bay, yana so shi ma ya gwada. Akwai kuma wanda bai taɓa ganin teku ba, niyyarsa ya sa takalmin a wurin wankan otal, ko a dam ranar yawon sallah, ko a kududdufin bayan unguwa. Na farkon yana bukatar sanin yadda ake zaɓe. Na biyun yana bukatar sanin abin da ya fi wannan nauyi: takalmin ba ya hana nutsewa, kuma ba a ƙera shi don irin ruwan da ke Kano ba.

Me takalmin yake yi?

Aikinsa guda ɗaya ne, ƙara faɗin ƙafa. Ƙafar ɗan Adam ƙarama ce, ruwan da take turawa baya a kowane bugu kaɗan ne. Idan aka ƙara mata faɗi sai ta tura ruwa mai yawa, jiki ya yi gaba da sauri. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis de Corlieu, shi ya yi rajistar samfurin zamani a 1933. Ba'amurke Owen Churchill ya karɓi fasahar ya fara ƙera nasa a wajajen 1940, kuma har yau ana sayar da takalma masu ɗauke da sunansa.

Hawan igiyar ruwa da jiki kawai, ba tare da allo ba, wasa ne da ya dogara ƙwarai da wannan takalmi. Mai wasan yakan jira a inda igiya ke shirin karyewa, ya juya mata baya, ya buga ƙafa da iyakar ƙarfinsa, sannan ya miƙe jiki ya bar ta ta ɗauke shi a kan ƙirji zuwa gaɓa. Matsalar ita ce gudu. A ruwan da zurfinsa ya kai mita 2, igiya na tafiyar fiye da mita 4 a daƙiƙa ɗaya, alhali mai ninƙaya na yau da kullum da kyar yake wuce mita 1. Yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya rage wannan tazara kafin igiyar ta wuce ta ƙarƙashinsa.

Wannan ne ya sa takalmin hawan igiya yake gajere kuma mai tauri. Gajarta tana ba da damar bugu da sauri-sauri, tauri kuma yana mayar da kowane bugu turi nan take. Takalmin masu nutso cikin teku dogo ne mai laushi, an yi shi don tafiya mai nisa a hankali; idan aka shiga igiya da shi, ruwa zai murɗe shi ko ya fizge shi. Na uku shi ne na motsa jiki a wurin wanka, gajere mai laushi, yawanci na silikon. A hoto ukun suna kama da juna, kuma mai gwanjo ba lallai ne ya bambance su ba, don shi takalmi takalmi ne.

Yadda ake zaɓe

Abu na farko shi ne daidai da ƙafa, kuma a nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta. Kamfanoni da dama ba sa rubuta lamba ɗaya tak. Sukan haɗa biyu, kamar 42 zuwa 43, ko su yi amfani da lissafin Amurka wanda ya bambanta da lambobin da aka saba da su a kasuwar Sabon Gari. Wanda zai yi oda ya auna tsawon ƙafarsa da santimita ya gwada da jadawalin kamfanin, kada ya dogara da lambar takalmin da yake zuwa Juma'a da shi. Wanda zai saya hannu da hannu ya jiƙa ƙafarsa kafin ya gwada, domin roba a busasshiyar fata tana yaudara. Ya kamata ya kama ƙafa sosai ba tare da yatsu sun lanƙwashe ba. Idan dunduniya tana wasa a ciki, igiyar farko za ta tafi da shi. Idan ya matse ƙwarai, zai ƙuje fata a saman yatsu da idon sawu, kuma ƙafa za ta ɗaure cikin ɗan lokaci.

Na biyu shi ne abin da aka yi shi da shi. Takalman igiya masu suna, irin su Churchill da DaFin, na roba ne, kuma suna da laushi a inda ƙafa ke shiga da tauri a bakin. Yawancin irinsu suna yawo a saman ruwa idan sun cire, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda ba ya son komawa gida da ƙafa ɗaya. Gwajin ba shi da wuya: a jefa shi cikin baho cike da ruwa a gani. Ana kuma sayar da wata 'yar igiya da ake ɗaure shi da ita a idon sawu. A duba ko akwai rami a ƙasan wurin ƙafa, ta nan yashi da tsakuwa ke fita.

Ga mai sayen gwanjo akwai ƙarin abu biyu. Roba tana tsufa ko ba a yi amfani da ita ba, kuma zafin Kano na watan Afrilu, da kan haura maki 40, yana hanzarta tsufan. A lanƙwasa maɗaurin dunduniya a duba shi a cikin haske; idan ƙananan tsagu suka bayyana, kwanansa ya ƙare, ko da saman yana ƙyalli. Sannan wasu samfura suna da dama da hagu, bakinsu a karkace yake. Dila ba ta san wannan ba, tana iya kawo dama biyu ko lambobi mabambanta.

Tauri kuwa sai an yi la'akari da ƙarfin mai shi. Takalmi mai tauri sosai yana ɗora nauyi a kan sharaɓa da idon sawu, kuma wanda bai saba ba tsokarsa na iya murɗewa a tsakiyar ruwa. Matsakaici ya fi dacewa da sabon shiga. Kuma ba a tafiya gaba da shi a kan ƙasa. A bakin ruwa ake sa shi, a shiga da baya-baya.

Wanda zai kai shi Legas ya san cewa haɗarin gaɓar can shi ne ruwan da ke komawa cikin teku ta wata siririyar hanya bayan igiya ta fashe. Gudunsa na iya kaiwa mita 2 da rabi a daƙiƙa, fiye da na gwanayen gasar Olamfik. Takalmi yana taimakawa a nan, shi ya sa masu ceto a gaɓoɓin Hawaii ke amfani da shi. Amma dabarar ba ita ce a yi kokawa da ruwan ba; ana ninƙaya ne a gefe, daura da gaɓa, har a fita daga bakinsa.

Ruwan Kano daban ne

Duk abin da ya gabata bayani ne ga wanda ya iya ruwa. Takalmin yana ƙara wa gwani sauri, amma ba ya ɗaga kan kowa sama da ruwa. Abin da yake yi wa wanda bai ƙware ba ya fi muni: yana kai shi nesa da gaɓa cikin sauƙi, zuwa inda ƙarfinsa na gaskiya ba zai iya dawo da shi ba idan ɗaya ya cire ko ƙafa ta ɗaure.

Ruwan da matashin Kano ke iya kaiwa gare shi tsayayye ne. Kududdufan birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu shekaru aru-aru, na gefen gari kuma sababbin ramuka ne na masu haƙar ƙasa da yashi. Rami irin wannan ba ya gangarawa a hankali kamar gaɓar teku. Taku ɗaya ruwa na gwiwa, taku na biyu ya shanye kai. Ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, kuma faffaɗar roba ta fi tsirarar ƙafa maƙalewa a cikinta. Ruwan ba ya nuna abin da ke ƙarƙashi, ko ƙarfe ne ko fasasshiyar kwalba, ga kuma tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka ta fata a irin wannan ruwa. Duk damina, da kuma lokacin bazara da zafi ke kora yara neman sanyi, Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano kan fitar da sanarwar ciro gawa daga kududdufi ko rijiya, har labarin ya kusa zama abin da ake karantawa a wuce.

Madatsun ruwa suna da nasu tarkon. Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, da Challawa a Ƙaraye, da Watari a Bagwai, an yi su ne don noman rani da ruwan sha. Akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi, akwai ragar masunta da takalmi kan sarƙe a ciki, akwai jan ruwa kusa da mafita. Ruwan daɗi kuma bai kai na gishiri ɗaga jiki ba, don na teku ya fi shi nauyi da kusan kashi 2 da rabi cikin 100. A Watari ne kwale-kwale ya kife ranar 30 ga Nuwamban 2021 a hanyarsa daga Badau zuwa Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi.

Abin da ke ceton rai a irin wannan yanayi shi ne rigar kariya daga nutsewa, ba takalmi ba. Ita ma ana zaɓenta da ilimi. Ƙa'idar ISO 12402 ta kasa ta mataki-mataki bisa ƙarfin ɗagawa: 50, 100, 150 da 275. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya ruwa kuma yana kusa da ceto. Daga 100 zuwa sama ne ake samun wadda aka tsara don ta taimaka wajen riƙe fuska a sama, mai 150 kuma an yi ta ne don ta juya wanda ya suma ya koma rigingine. A duba nauyin da aka rubuta a jikinta, a ɗaure maɗauranta, a ja ta sama ta kafaɗa. Idan ta haura kunne, ta yi yawa. Robar hannu ta yara da ake hurawa da tib ɗin mota kayan wasa ne. Masuntan Argungu sun daɗe da fahimtar wannan bambanci: gwanaye ne a ruwa, amma da gora suke shiga Matan Fada.

Inda maganar ta zama ta hukuma

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na Disambar 2024 ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Tsakanin 2000 da 2021 yawan mace-macen, idan aka auna da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, da kashi 68 a yankin Turai, amma da kashi 3 kacal a yankin Afirka, wanda shi ne kan gaba da mutum 5.6 cikin kowane 100,000. Matakan da hukumar ta ba da shawara ba masu tsada ba ne: katange ruwa, kula da ƙananan yara a wuri amintacce, koya wa 'yan shekara 6 zuwa sama ninƙaya ta tsira da rai, da horar da jama'a yadda ake ceto ba tare da mai ceton ya bi sahun wanda ke nutsewa ba. Ana jefa igiya, ko a miƙa gora, ko a cilla rufaffiyar jarka. Ba a faɗawa.

A Kano koyon ninƙaya ya rabu gida biyu bisa aljihu. Mai hali yana biya a otal, inda ruwa a fili yake kuma an san zurfinsa. Marar hali yana koya a kududdufi, a ɓoye, daga wajen abokin da ya girme shi da shekara biyu. Makarantun gwamnati ba sa cike wannan giɓi. Saboda haka takalmin da ya faɗo a gwanjo da araha ya fi yiwuwa ya ƙare a ƙafar yaro na biyu, a ruwan da bai dace da shi ba.

Ba a rasa wanda alhakin ke wuyansa ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, har da ba da lasisin kwale-kwale. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Tarauni ɗaya ce daga cikin 44 na jihar, kuma Gyaɗi-Gyaɗi kaɗai tana da mazaɓu biyu a cikinta, Arewa da Kudu, kowace da kansilanta. Ƙidayar buɗaɗɗun ramuka da rijiyoyin da ke cikin mazaɓa, da katange su, da kafa allon gargaɗi, ayyuka ne da ake iya rubutawa a kasafin ƙaramar hukuma, kuma ana iya neman ganin kasafin a rubuce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yulin kowace shekara a matsayin ranar yaƙi da nutsewa tun 2021, ranar da a Kano take faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da ramukan suke cike.