Tsohon kare mai firgita: duka ba maganinsa ba ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a karkararmu kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke daga dila da kura, shi ke kwana bakin rumbu da garka lokacin da mai gida ke barci. Makiyayan Azawak, a arewacin Tawa, sun daɗe da sanin darajarsa, har irin karensu ya ɗauki sunan ƙasarsu. Malamanmu kuma sun halatta ajiye kare don gadin dabbobi, da gona, da farauta. Amma kare yana tsufa kamar kowace halitta. Daga shekara 7 ko 8 ƙarfinsa yakan fara raguwa, wani kuma sai ya koma matsoraci. Hadari na tasowa sai ya kama makyarkyata da haki, ya nemi maɓuya. In an bar shi shi kaɗai sai ya yi ta kuka, ko ya kwana yana kai da kawowa cikin gida. Nan take mutane su ce ya haukace, yara su bi shi da jifa.

Mi ke kawo wannan tsoro?

Sau da yawa ciwo ne. Gaɓoɓin tsohon kare suna ciwo, haƙoransa suna ruɓewa, kaska da ƙuma suna hana shi sukuni. Yana takan rufe masa ido, kunne kuma ya yi nauyi. Wanda bai gani ba, bai ji tafiyarka ba, in ka taɓa shi ba zato dole ya zabura. Akwai kuma gigin tsufa, irin wanda ke kama tsofaffin mutane: kare ya manta ƙofar da ya saba bi, ya yi barci da rana, ya farka da dare. Saboda haka matakin farko shi ne a kai shi wurin ma'aikatan kiwo, wato likitocin dabbobi, su duba shi.

Bambancinsa da haukan kare

Wannan magana ce ta rai da mutuwa, sai a lura da kyau. Tsoron tsufa yana zuwa sannu a hankali, cikin watanni. Karen yana ci, yana sha, ya san mai gidansa, kuma hadari na wucewa hankalinsa ya kwanta. Shi kuwa haukan kare, halin dabbar yakan sauya cikin ƴan kwanaki: muryarta ta canza, miyau ya dinga dalala, ta kasa haɗiya, ta ciji icce ko dutse ko duk abin da ta tarar, ƙafafu su shanye. Daga bayyanar alamun, da wuya ta wuce kwana 10 da rai. Wanda ya ga haka kada ya kusance ta, ya janye yara, ya sanar da mai gari da ma'aikatan kiwo.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara sun fi shiga haɗarin. Alhali tun shekarar 1885 Luwi Pastar na Faransa ya samo allurar rigakafinsa. In kare ya ciji mutum, ko da tsohon karen gida ne, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, a tafi gidan likita a ranar. Kada a jira alama, don in ta bayyana ga mutum babu magani. A tsare karen wuri guda, ana ba shi ci da sha, a lura da shi aƙalla kwana 10.

Yadda za a lallaɓa shi

1. A yi masa maɓuya: lungun zaure ko ƙarƙashin rumbu, da tsohon buhu da tsumman rigar mai gida, don ƙanshin wanda ya sani yana kwantar masa da rai. Da an ga hadari ya haɗo a kai shi can tun ba a fara tsawa ba.

2. Kada a ɗaure shi da gajerar igiya a fili. Firgita na iya sa ya shaƙe kansa.

3. Kada a buge shi, kada a yi masa tsawa. Duka yana ƙara tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ke cizo.

4. A tsaida masa lokacin abinci, safe da marece. A jiƙa masa tuwo ko ƙanzo ya yi taushi. A kiyaye ba shi albasa da tafarnuwa, suna ɓata jininsa, haka ma dafaffen ƙashin kaza. Ruwa da inuwa kada su yanke, musamman a bazara.

5. In ya kurumce, a buga ƙafa a ƙasa kafin a isa gare shi, a koya masa kira da alamar hannu. A gargaɗi yara kada su tada shi daga barci.

6. Kada a ba shi maganin mutane. Tramol, da parasetamol, da ƙwayoyin ƴan tebur na iya halaka shi. In yana bukatar magani, likitan dabbobi ke faɗin iri da adadi.

Horo a tsufa

Wasu za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne kwikwiyo ya fi saurin koyo, amma tsoho ma yana koyo in an bi shi da haƙuri. Wanda ba ya jure kaɗaici, a fara barinsa na minti 2, a komo tun bai soma kuka ba, a ba shi ɗan guntun nama. Gobe a ƙara kaɗan. In ya firgita, an yi gaggawa ke nan, sai a koma baya. Minti 5 zuwa 10 a yini sun isa, aikin kuwa na makonni ne. Wani karen ba zai rabu da tsoron gaba ɗaya ba, amma zai samu sauƙi, gida ma ya samu barci.

A rage masa aiki, a bar gadin daji ga ƙaramin kare, a kuma ci gaba da yi masa allurar haukan kare a kan lokacin da ma'aikatan kiwo suka faɗa. Masu karatu, ku karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Dabbar da ta yi shekara 10 tana gadin dukiyarmu tana da hakki a kanmu. Allah ya ba mu damana mai albarka.